Gidan Haya: A Fara da Takarda da Hanyar Ruwa Kafin Fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu sayen tsofaffin gidaje su gyara su zuba 'yan haya. Harkar ta yawaita a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023, mutane suka ga ajiye kuɗi a banki asara ce, gara a binne su a ƙasa. Tunanin ba laifi. Inda ake ɓata lissafi shi ne wurin da ake zuba kuɗin gyaran. Mutum zai kashe miliyoyi a tayil da POP da fitilu masu launi da ƙofar Turkiyya, ya bar rufi yana yoyo, sokawe ta cika, wayar wuta ta shekara talatin a bango, sannan takardar gidan ma babu sunansa a kai. Damina biyu ta isa ta tona irin wannan aiki. Ɗan haya ranar da ya zo duba gida kaɗai yake kallon ado. Abin da ke sa ya zauna shekara biyar, ko ya kwashe kayansa bayan ɗaya, ruwa ne da wuta da banɗaki.

Mu fara da takarda, don ita ce ake rainawa. Tun da aka yi dokar mallakar ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne na wasu shekaru, yawanci 99 ga gidan zama. Dokar ta ce ba a sayar da wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna. Saboda haka takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da amfaninta, tana nuna an biya kuɗi kuma unguwa ta sani, amma ba ta mayar da satifiket ɗin mallaka na gwamnati zuwa sunanka. Kafin ka ba da ko kobo, ka karɓi kwafin satifiket ɗin, ka sa lauya ya yi bincike a ofishin filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Abin da ake nema a fayil ɗin shi ne ko sunan da ke ciki na mai sayarwa ne, ko an jinginar da gidan a banki, ko an taɓa soke mallakar, da kuma bashin harajin ƙasa na shekara nawa ya taru. Sannan safiyo ya zo ya auna, a ga ko gidan da aka nuna maka shi ne wanda ke cikin zanen takardar. Ana samun katanga ta ci titi ko ta shiga filin maƙwabci da ƙafa huɗu ko biyar, kuma ranar da hukuma ta zo da jan fenti, mai gidan ranar take nema, ba wanda ya gina ba. Rushe-rushen da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, ya isa darasi ga mai sayen gini a filin da asalinsa na jama'a ne. Haka gidan da ke ƙarƙashin babbar wayar lantarki: layin 330kV yana da hurumin mita 50, na 132kV mita 30, kuma duk arahar da aka yi maka a cikin wannan hurumi, araha ba ta ado.

Mafi yawan tsofaffin gidajen da ke shigowa kasuwa na gado ne, kuma nan rigima ta fi kwanciya. Babban wa zai zo da dillali ya ce duk 'yan'uwa sun yarda. Kada ka tsaya a maganarsa. Nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko kuma kowane magaji ya sa hannu da kansa, har matan da ke gidajen aurensu, har wanda ke Legas ko Saudiyya ta hannun wakilin da ya naɗa a rubuce. Idan akwai marayu ƙanana, sai da izinin alƙali. Wanda kuma zai sayi kason mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba, ya tuna da shufu'a: a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin su mayar masa da kuɗinsa su karɓi kason, wanda yake gari kuma ya sani yana da kimanin shekara guda, wanda ba ya nan kuwa haƙƙinsa yana jiransa har ya dawo. Ka zuba miliyan goma a gyara, sannan wani ya dawo daga tafiya ya kai ka kotu. Kuɗin ciniki a biya ta banki, zuwa asusun masu haƙƙin, kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe sai an miƙa asalin takardu da mukullai. A tambayi 'yan hayar da ke ciki har zuwa yaushe suka biya, don wani mai sayarwa yakan karɓi hayar shekara biyu gaba sati guda kafin ya sa gidan a kasuwa. A ɗauki lambar mita a je ofishin KEDCO ko Kaduna Electric a ga bashin da ke kan asusun gidan, a cire shi daga kuɗin ciniki, domin janye shi daga baya zirga-zirga ce mai cin watanni.

Lokacin duba tsohon gida watan Agusta ne, kashegarin ruwa mai ƙarfi. Dillalai sun fi son su kai ka a watan Maris, lokacin da komai ya bushe kuma an shafa farar ƙasa. Da farko tsaya a waje ka dubi tsayin titi da tsayin daɓen gidan. A unguwanni da dama an yi ta cika titi da burji ana ɗora kwalta har gidaje suka koma ƙasa da hanya, ruwan sama ya riƙa gangarowa ta zaure. Tambayi dattawan layin mene ne a wurin kafin a yi ginin. Idan suka ce kududdufi ne aka cike, ka yi hattara ƙwarai, don ciko da shara da ɓaraguzai yana ci gaba da lotsawa shekara da shekaru, harsashin ginin yana binsa. A yankunan Borno da Gombe da Adamawa kuma akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, ita ma tana karya harsashi marar zurfi.

Tsaga iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi da ke yawo a fuskar filasta, wannan ta bushewa ce, ba ta da haɗari. Akwai kuma wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a gefe ɗaya, kuma ana ganinta ciki da waje. Wannan harsashi ne ya motsa. Gwajinta mai sauƙi ne: a liƙa ɗan siminti a kanta a wurare biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo bayan sati huɗu zuwa shida. In liƙin ya tsage, ginin bai gama tafiya ba, kuma cusa mata siminti ɓata kuɗi ne. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, da daɓen da ya rabu da jikin bango, labari ɗaya suke bayarwa. Ka ƙwanƙwasa bango da mukulli: inda ya yi ƙarar fanko, filasta ta saki. Wannan ya fi yawa a gidajen ƙasa na cikin gari da aka shafe da siminti. Siminti ba ya kama tubali, kuma yana hana bangon numfashi, sai ruwan da ya shiga ta rawani ya taru a ciki yana narka ƙasar, waje kuwa sumul. Irin waɗannan ne ke zubewa da dare a tsakiyar damina. Wanda ya sayi gidan ƙasa don haya, ya sa a ransa fili ya saya, ya yi lissafin sabon gini. A ƙarshe sa kafinta ya ɗaga silin ya leƙa da tocila, ya soki katakon da ƙusa. Gara tana cinye cikin katako ta bar fatarsa.

Kafin a kira birkila, a zauna da alƙalami. Ga misali kawai, kowa ya sa alƙaluman unguwarsa. An sayi gida miliyan 30, la'ada da lauya da canjin suna sun ci miliyan 3, gyara miliyan 12. Jari ya zama miliyan 45. An fitar da ciki da falo guda huɗu, kowanne naira 600,000 a shekara, wato miliyan 2.4. Wannan adadin mai gida yake faɗa wa abokansa. To cire wata uku da sashe ɗaya zai zauna babu kowa, 150,000. Cire kashi goma na mai kula da gida, 225,000. Cire gyare-gyaren shekara, 350,000, da harajin ƙasa da yashe sokawe, 75,000. Abin da ya rage miliyan 1.6, kusan kashi uku da rabi cikin ɗari na jarin, kuma sai an shekara 28 kafin haya kaɗai ta dawo da uwar kuɗi. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, sukuk ɗin gwamnatin tarayya na 2025 kuma, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, yana ba da kashi 19.75 a shekara. Ba ina cewa kada a sayi gida ba. Ribar gida ta gaske tana cikin tashin darajar filin, haya kuwa ita ke riƙe ginin kada ya lalace, ta bar ɗan abin cefane. Amma wanda ya gane wannan ba zai ci bashin banki mai ruwan kashi talatin ya gyara gidan da ke ba da kashi huɗu ba, ba kuma zai sa tayil ɗin Sifen a unguwar da hayarta ba ta wuce ta ƙaramin ma'aikaci ba. Unguwa ce ke yanka kuɗin haya. A kan kowane ƙiyasin gyara a ƙara kashi 15 zuwa 20 na abin da ba a gani ba sai an fasa, da na tashin farashi. Wanda ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 ya ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024.

Gyaran kansa yana da jeri, kuma saɓa jerin ne ke sa a biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu. A fara bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, a gama kafin Mayu. Rufi ne farko. Duk katakon da gara ta taɓa a cire shi, sabon a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, har bakin da aka yanke da zarto, don ta nan take shiga. A ɗaure katakon rufi da jikin gini da langa-langa ko rodi da aka binne a kankare, domin iskar farkon damina ta ƙasa take shiga ta ɗaga rufin gaba ɗaya, kuma ƙusa kaɗai ba ta riƙe shi. Idan kwanon alminiyam za a sa, kada ya gaza kaurin milimita 0.45, kuma a auna shi a gabanka, don ana sayar da sirara da sunan mai kauri. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba, inda kwano ya hau kwano kuma a bar aƙalla santimita 15. Rufin yayi da ake ɓoye kwano a bayan rawani yana da kyau daga titi, amma bai dace da gidan haya ba. Duk ruwansa yana taruwa a kwatar kankare, leda ɗaya ta toshe bututun, ruwa ya koma cikin silin, kuma babu ɗan hayar da zai hau ya share. In ka tarar da shi, ƙara yawan indararo, ka faɗaɗa su zuwa inci huɗu. Tsohon silin na asbestos kuma kada a yanka shi da zarto ko a farfasa shi a bushe, ƙurarsa tana illa ga huhu. A jiƙa shi, a cire shi ɗaiɗai.

Bayan rufi sai ƙasa. Damshin da ke tasowa daga harsashi yakan kai kusan mita ɗaya a bango, ya kumbura fenti, ya fito da farin gishiri. Maganin da aka fi yi shi ne a liƙa tayil a kai, wanda ba ya warkar da komai, sai dai ya tura damshin ya ɓullo a saman tayil ɗin. Abin yi shi ne a nemo inda ruwan ke fitowa: kwatar da ke kwance a gindin bango, bututun da ya fashe a ƙasa, ko banɗakin maƙwabci. A gyara wannan, a sassaƙe filasta har santimita 30 sama da inda alamar ta tsaya, a bar bangon ya sha iska makonni, sannan a sake shafe da siminti mai maganin hana ruwa. A zagaye ginin da daɓen kankare mai faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya, mai gangara zuwa waje. Tsakar gida ita ma a ba ta gangara zuwa kwata, kuma a gwada da bokitin ruwa kafin a sallami birkila.

Sokawe ce ke korar 'yan haya fiye da komai, kuma dalilin a fili yake. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya na mutum takwas, an yanka shi huɗu, yanzu mutum ashirin ke ciki, ramin kuwa na da ne. Tsarin da ke aiki rami biyu ne: na farko mai ɗaki biyu, shafaffe da siminti ciki da ƙasa, inda ƙazanta ke kwantawa, na biyu kuma wanda ruwan ke tsiyaya ya shige ƙasa, shi ba a daɓe gindinsa. A sa bututun iska ya wuce tsayin rufi, a bar murfin da za a iya buɗewa ranar yashewa, kada a bi ta kansa da tayil. Kada a haɗa ruwan sama da shi. Bututun masai inci huɗu ne, na wanka da kicin inci biyu, gangarar kuma kimanin santimita biyu da rabi a kowace mita. In ta gaza haka ƙazanta ta kwanta, in ta yi tsananin yawa ruwa ya gudu ya bar ta. Ƙa'idar lafiya tana son mita 30 tsakanin rami da rijiya, abin da fili mai ƙafa 50 da 50 ba zai iya bayarwa ba, don shi kansa kimanin mita 15 ne. Don haka rijiyar irin wannan gida ta wanki ce, a gaya wa masu haya gaskiya. In burtsatse za a haƙa, a tabbatar an sa bututun kariya kuma an toshe saman ramin da siminti don ruwan sama-sama kada ya gangara ciki. Tanki kuma a yi masa lissafi: mutum ashirin a kan lita 50 kowanne lita 1,000 ne a rana, tankin lita 2,000 zai kai kwana biyu. Cikakkensa tan biyu ne, saboda haka ƙafarsa daban za a yi masa ta ƙarfe ko ta kankare, ba a ɗora shi a kan tsohon banɗaki ba.

Wayarin in ya tsufa a zare shi duka. Fitilu da fanka waya mai lambar kauri 1.5, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita 4, kowanne da layinsa da abin katse wutarsa. A kafa sandar at, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, a haɗa ta da gaske. Kasuwa cike take da waya mai jan ƙarfe a fuska kawai, a kankare bakinta a gani kafin a biya. Gobarar hunturu da ake ɗora wa kawo wuta da ƙarfi, sau da yawa hita ce aka jona a siririyar waya. Kowane sashe a nema masa mitarsa mai kati tun kafin kowa ya tare. Mita ɗaya ga gida huɗu faɗa ne da ba ya ƙarewa, musamman a layin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, inda kuɗin wuta ya haura naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024, kuma a ƙarshe mai gida ake bari da bashin. Famfon ruwa da fitilar waje su ma a san mitar da suke ci da yadda za a raba kuɗin.

Abu biyu kada birkila ya yanke maka hukunci a kansu: fasa bango don a faɗaɗa falo, da ɗora bene. Bangon da ke ɗauke da rufi ba a cire shi sai an tokare an zuba bim, wato kwantaccen kankare mai rodi, a madadinsa. Harsashin da aka yi don gida marar bene kuma ba ya zama na bene don an liƙa masa ginshiƙai a kusurwa. Wannan aikin injiniya ne mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, tare da izinin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna ko takwararsu ta jiharka. Kwaɓi kuwa mai gida ya san shi da kansa don kada a yi masa wayo. Buhun siminti kwanon sarki biyu ne. Kankaren linta da ginshiƙi buhu ɗaya ne da yashi kwano huɗu da tsakuwa takwas. Na ɗora bulo buhu ɗaya da yashi baro uku, na filastar waje baro biyu. Bulo goma ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango, da wannan za ka gane ko an yi maka aringizo. Bulon da aka buga hamsin daga buhu guda yana marmashewa a hannu, a ɗaga shi daidai ƙugu a saki, in ya tarwatse a mayar. Da hunturu iska tana shanye ruwan siminti kafin ya kama, sai an riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai, kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Sabuwar filasta a bar ta sati uku zuwa huɗu kafin fenti. Biyan ma'aikata a yi shi bisa matakin aiki, a riƙe kashi goma na mai rufi da mai aikin famfo sai ruwan farko ya sauka.

Sai yanzu aka zo kan ado, kuma ba shi da dogon bayani. Tayil iri ɗaya a duk gidan, mai kaushi a banɗaki, a sayi ƙarin kashi goma a ajiye don samfurin yana ɓacewa a kasuwa. Fenti launi ɗaya, mai wankuwa. Silin na PVC ya fi POP haƙuri da yoyo. Famfo da mukulli a sayi masu ƙarfi waɗanda ake samun kayan gyaransu a kowace kasuwa. Abin da ya fi waɗannan daraja wurin mai iyali a ƙasar Hausa shi ne sutura: kowane sashe da ƙofarsa da banɗakinsa da ɗan wurin shanya, tagar wani ba ta kallon tsakar gidan wani, baƙo namiji yana iya shiga wurin wanda ya zo gani ba tare da ya ratsa matan wasu ba. Sashe uku masu sutura sun fi biyar da aka cusa, don na farkon ba sa zama babu kowa. Tun ran gini ran zane.

Game da zuba mutane, ka san wa kake gyara wa tun farko. Gidan ɗalibai kusa da BUK ko Samaru yana kawo kuɗi fiye da na iyali a kan kowane ɗaki, amma yana cin gyara, kuma yana bin kalandar makaranta: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, ɗakuna suna kulle da kayan mutane a ciki, sabuwar haya ba ta shigo ba. Ko wane ne zai shiga, ko ɗan'uwa ne, a rubuta yarjejeniya. A sa kuɗin haya, da ranar farawa da ranar ƙarewa, da adadin mutanen da za su zauna, da hana ba wani haya a ƙarƙashinsa, da hana fasa bango ko mayar da ɗaki shago. A fayyace gyara: rufi da bango da sokawe da famfon burtsatse na mai gida ne, ƙwan fitila da kan famfo da gilashin da aka fasa na mai haya. A ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da mukulli, a karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, a kuma mayar da shi in ba a yi ɓarnar ba, don masu gida da yawa sun mayar da shi ganima. A nemi mai tsaya masa wanda aka san inda yake, a gabatar da shi ga mai unguwa. Rasit kuma dole ne. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai haya rangwamen kashi 20 na hayar da ya biya, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai, don haka ma'aikata za su riƙa neman shaidar biya. Idan kamfani ne ya kama gidan, zai cire kashi goma na haraji kafin ya biya ka, ka karɓi takardar shaidar cirewar. Ƙarin haya a yi shi kaɗan-kaɗan, da sanarwa watanni kafin wa'adi. Wanda ya yi shiru shekara huɗu sannan ya ninka rana ɗaya yakan rasa mai biya a kan lokaci, ya sake fenti, ya jira wata uku, ya kawo wanda bai sani ba.

Ranar da zama ya ƙi, doka tana da matakai. A dokar Abuja da ta jihohi da dama, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ne, mai biyan shekara wata shida. Bayan ya ƙare sai a ba da na kwana bakwai na niyyar zuwa kotu, sannan a shigar da ƙara, kuma ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum. Kuskure a lissafin kwanakin notis yana rushe shari'ar a koma farko, shi ya sa ya kamata lauya ya rubuta, kuma a tambaye shi kafin a karɓi wani kuɗi daga mai hayar bayan an ba da notis. Cire kwano ko ƙofa, yanke wuta da ruwa, sa kwaɗo, ko watso kaya waje, duk suna mayar da mai bin bashi wanda ake bi diyya. Kai maganar ofishin 'yan sanda ma ba hanya ba ce, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Yawanci zama a gaban mai unguwa da wanda ya tsaya masa, a yafe wani ɓangare na bashin a sa ranar tashi a rubuce, ya fi shekara guda a kotu araha.

Kashi goma zuwa goma sha biyar na kowace haya a ware shi a asusu daban tun ranar da ta shigo. Daga ciki za a hau rufi kowane Afrilu a ƙara ƙusa, a share indararo da kwata, a buɗe murfin sokawe a ga inda ta kai, a zagaya gindin bango a nemi hanyar gara. Gidan da aka saya don haya ba a fitar da zakka a kan darajarsa, amma kuɗin hayar da ya taru ya kai nisabi ya shekara ana fitar masa, shi ma a sa shi a littafin.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai aikin gini da kula da gidajen haya,
Kano.